Asali Ko Hali: Wanne Ne Mutum?

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Cikin waɗanda aka buga a 1934 akwai Shaihu Umar, littafin farko na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, sa'an nan yana malamin makaranta a Bauci. Labarin ya tashi ne daga tambaya guda: almajiran wani babban malami a Rauta suka tambaye shi asalinsa.

Amsar da ya ba su abin tausayi ce. A Kagara aka haife shi, maraya. Aka sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun bauta, har wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Uwarsa kuwa ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita. Da Allah ya sada su, ba ta daɗe ba ta rasu.

To, jama'a, wane ne Umar? Ɗan Kagara ne, ko bawa, ko Balarabe? Waɗansu za su ce asali shi ne mutum, gama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai gaskiya a nan, don kuwa duk daɗin da Umar ya samu a Masar bai hana shi begen uwarsa ba. Amma fa ku duba, mutanen Rauta ba su san kakansa ba, duk da haka suka taru a zaurensa suna ɗaukar karatu. Ilminsa da halinsa suka gani. Asali kyauta ce, ba wanda ya zaɓi inda za a yanke masa cibiya. Hali kuwa noma ne, abin da mutum ya shuka shi zai girba.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau, cinikin gyaɗa da auduga ya tara baƙi, garin ya cika da mutanen da aka haifa wani wuri. Yau kuma ɓarayin daji sun kori mutane da yawa daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu, ga yara suna tasowa cikin Gusau ba su san gonar ubansu ba. Wata rana za su yi tambayar da aka yi wa Umar.

Hakkinsu biyu ne a kanmu. Na fari, mu gaya musu sunan garinsu da na kakanninsu, kada su tashi kamar tsintuwa. Na biyu, mu yi musu abin da Abdulkarim ya yi, watau mu riƙe su, mu sa su karatu, kada mu goranta musu. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, karanta musu labarin nan da dare. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.