Mu Koya wa Yaranmu Rabo Tun Suna Ƙanana

Jama'ar Ƙonni da Malbaza da Illela, iyaye da malamai, ku ba ni aron hankalinku, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Magana ce a kan wani ɗan darasi da yaranmu ke cin karo da shi a ajujuwan ƙarshe na firamare, wato lissafin kaso: rabi, sulusi, rubu'i, biyu bisa uku da makamantansu, wanda 'yan lakwal ke kira firaksiyon. A nan ne da yawa daga cikinsu ke fara cewa lissafi ya fi ƙarfinsu, daga nan kuma ba su ƙara waiwayarsa har su bar makaranta. Mu kuwa muna ji muna gani, mun naɗe hannu, mun ce wannan aikin malamin lakwal ne.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, babu ranar da za ta fito ta faɗi ba mu yi wannan lissafi a gidajenmu da kasuwanninmu ba. Yarinyar da uwarta ta aika awo ta san rabin tiya, ta kuma san idan an tauye mata. Yaron da ke tsaron shago a Ƙonni ya san jika ɗaya dala 200 ce, rabinta dala 100, rubu'inta dala 50, yana kuma juya sefa zuwa naira da ka, tun kafin babba ya lalubo wayarsa daga aljihu. Amma wannan yaron, idan aka rubuta masa 1/4 a kan allo aka ce ya fitar da shi daga 200, sai ya tsaya yana zare ido. Kansa lafiya lau yake. Mu ne muka kasa nuna masa cewa abin da ke kan allo shi ne abin da yake yi kullum a bakin shago.

Kada mu ruɗi kanmu cewa lamarin ƙarami ne. Binciken PASEC, wanda ke gwada 'yan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin yaran Nijar da ke kammala firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, alhamdulillahi, amma duk da haka ba su cika rubu'i ba. Waɗannan 'ya'yanmu ne da jikokinmu, su ne kuma za su riƙe gonaki da shaguna da gidaje bayan ranmu.

Mu fara da abin da ya fi nauyi, wato gado. Allah da kansa ya yanka rabon magada a cikin Suratun Nisa'i, kuma kashi shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, biyu bisa uku, sulusi da sudusi. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana da sumuni, wanda mutanenmu ke kira tumunin takaba; idan bai bar ɗa ba, tana da rubu'i. Idan matan biyu ne, sumunin nan guda za su raba, kowacce ta tashi da ɗaya bisa 16. Wasiyya kuma ba ta wuce sulusin dukiya. To, a faɗa mini, mace nawa ce a cikin zuri'armu za ta iya zama a wurin rabo ta gane ko abin da aka miƙa mata ya cika? Yawancinsu sai dai su karɓa su yi godiya. Galibin masu rabo mutanen kirki ne, amma mutumin kirki ma yana kuskure, kuma inda babu mai iya bin lissafi, kuskure yakan kwana ya tashi ya zama gaba. Mun ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa saboda gona, an yi ta kai da kawo tsakanin fadar hakimi da gidan shari'a, alhali da akwai mutum biyu ko uku a gidan da suka iya fitar da sudusi daga cikin dukiya, da maganar ta mutu a zaure.

Haka zakka. Hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ake fitarwa. Wanda aka shayar da wahala, da guga ko da inji, ɗaya bisa 20. Kuɗi da dukiyar ciniki kuwa ɗaya bisa 40. Manomin da ya ɗaure dami 100 na gero ya san goma ba nasa ba ne. Amma ɗan kasuwar da jarinsa ya kai miliyan ɗaya na sefa, sau nawa yake sanin cewa jika 25 ce haƙƙin Allah a ciki, ba tare da ya je neman mai yi masa lissafi ba?

Mu leƙa fadama. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara, kuma kowa ya san manomi kan zuba ta a rudu ya jira ta yi kuɗi. A ce mutum ya adana buhu 30 a lokacin da buhu ke jika goma, sai sulusi ya ruɓe, buhu 20 suka rage. Da yawa daga cikinmu za su ce tunda sulusi ya tafi, idan farashi ya ƙaru da sulusi an fanshe hasara. Ba haka ba ne. Kafin ya mayar da jika 300 ɗinsa, sai buhu ya kai jika 15, wato sai farashi ya ƙaru da rabi. Wanda bai san wannan ba zai sayar yana murna, alhali ya faɗi. Haka mai rubu'in hekta a filin noman rani na Ƙonni, idan aka faɗa masa takin da hekta guda ke ci, dole ya iya raba shi huɗu, in ba haka ba ko ya ƙona shuka ko ya bar ta da yunwa. Haka mai feshi da awon maganinsa, haka magini da gaurin siminti da yashi, haka uwar da likita ya ce ta ba jaririnta rabin cokali.

Sai kuma abin da ke jiran yaron a gaba. A 2012 wani masani mai suna Robert Siegler da abokan aikinsa sun bi sakamakon yara a Amurka da Ingila, suka gano cewa yadda yaro ɗan wajen shekara goma ya fahimci lissafin kaso da na rabawa yana nuna yadda zai kasance a lissafin sakandare shekaru biyar ko shida bayan haka. Ma'ana, wanda ya zame a nan, da wuya ya miƙe a gaba. Masana'antar siminti tana Malbaza tun shekarun 1960, jami'a kuma tana Tawa. Muna so 'ya'yanmu su zama injiniyoyi da likitoci da masu awon ƙasa, ba masu dakon buhu a bakin ƙofa kaɗai ba, amma mun bar su sun faɗi tun a matakin farko.

To, ina muka kauce? Mun fara daga inda ya kamata a ƙare. Yaro na zaune, sai a zana masa lamba a sama, a ja layi, a zana wata a ƙasa, a ba shi ƙa'ida cikin harshen da bai gama ji ba, a ce ya haddace. Ya haddace kuwa, don yaranmu ba su da wasa wajen hadda, amma bai san abin da ake nufi ba. Shi ya sa zai ce maka 1/8 ya fi 1/4, tunda takwas ta fi huɗu. Shi ya sa idan aka ce ya tara 1/2 da 1/3 zai haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ce 2/5, bai lura ba cewa amsar tasa ba ta ma kai rabin da ya fara da shi ba. Mu kuma maimakon mu tsaya mu ga inda tunaninsa ya karkace, sai mu ɗauko bulala, ko mu ce masa daƙiƙi. Bulala tana sa yaro ya yi shiru, ba ta taɓa sa shi ya gane ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Gani ya kori ji, don haka a fara da abin da hannu zai taɓa. A ba yaro masa guda ko karan dawa, a ce ya raba wa mutum biyu. Idan ya ce shi zai ɗauki babban rabi, a nan darasin farko yake: sai kashi biyun sun yi daidai wa daida kafin a kira kowanne rabi. Bayan haka a raba wa uku, a raba wa huɗu, a raba wa takwas, har ya gani da idonsa cewa duk lokacin da masu rabo suka ƙaru, rabon kowa raguwa yake. Yaron da ya taɓa cin abinci a kwano ɗaya da 'yan uwansa ba zai sha wahalar gane wannan ba, kuma daga ranar ba zai ƙara cewa sumuni ya fi rubu'i ba.

Sai a nuna masa cewa kowane kaso na wani abu ne. Rabin tiya da rabin buhu duk rabi ne, amma ba ɗaya suke ba. A ninka takarda biyu, a sake ninkawa, ya buɗe ya ga cewa rubu'i biyu su ne rabi. Daga nan a kawo gyaɗa ko tsakuwa guda 12. Rabinsu shida, sulusinsu huɗu. A haɗa, goma ke nan cikin 12, wato biyar bisa shida. Ya tara 1/2 da 1/3 ke nan da hannunsa, ba tare da an ambaci wata ƙa'ida ba. Idan ya ƙware, a ƙara tsakuwar ta zama 24, a ce masa ga dukiyar wani mutum da ya rasu ya bar mata ɗaya da ɗa namiji da 'ya mace. Matar ta ɗauki sumuni, uku ke nan. 21 suka rage, namiji 14, mace bakwai. Sai bayan duk wannan ne alli zai taɓa allo, a nuna masa cewa lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka kasa abu, ta sama kuma tana faɗin nawa aka ɗauka. A lokacin, rubutun zai zame masa tunatarwa ga abin da ya riga ya sani.

A yi bayanin farko cikin harshen da yaro ke tunani da shi, Hausa ce ko Tamajak ko Fulatanci, sannan a ba shi sunayen Faransanci don jarrabawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu: tun 1973 aka fara gwajin koyarwa cikin harsunan gida a Damagaram, a 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Bai kamata malami ya ji kunyar cewa sulusi da rubu'i a cikin aji ba.

Malamanmu na zaure da na makarantun allo, ku ma maganar ta shafe ku. Babin rabon gado yana nan cikin Risala da sauran littattafan fiƙihu da kuke karantarwa, amma sau da yawa akan bi ta kansa da fassara kawai, ba a zaunar da almajiri ya yi lissafin da hannunsa ba. Magabata ba haka suka yi ba. Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ba da babban sashe na littafin ga matsalolin gado da wasiyya. A ƙasar Hausa ma an yi Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Mai ganin lissafin kaso kayan Nasara ne, ya sake tunani.

Na san nauyin da ke kan malaman lakwal. Aji ya cika maƙil, wani ajin na zana ne da ba ya tsayuwa sai an gama girbi, littattafai ba su isa ba, da yawa daga cikin malaman kuma 'yan kwantaragi ne masu ɗan abin hannu. Wasu su kansu da hadda aka koya musu wannan darasi, don haka babu aibi idan malami ya je wurin ɗan uwansa ya ce a sake nuna masa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu iyaye, yaushe rabonmu da mu buɗe littafin yaro mu ga abin da aka yi masa yau? Wanda bai yi boko ba ma yana da abin bayarwa. Uwa tana rabon tuwo, ta tambayi 'yarta kashi nawa aka yi, nawa ya rage. Uba yana fitar da zakka a bakin rumbu, ya kira ɗansa ya ƙidaya damman tare da shi. Kwamitin iyaye na kowace makaranta ya tambayi darakta abin da ajin lissafi ke buƙata. Sau da yawa bai wuce alli da takarda da igiya ba.

Kuma don Allah kada mu ware 'ya'ya mata. Mukan cire yarinya daga aji mu ɗora mata talla, mu ce ai ta iya canji, ya isa. Ita ce gobe za ta riƙe adashi, ita za ta auna wa jariri magani, ita kuma za ta zauna a gaban masu rabon gado cikin takaba, a lokacin da ba ta da ƙarfin yin gardama.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowannenmu ya zaunar da yaron gidansa a wannan mako, ya ba shi abu ya raba, ya saurari yadda yake tunani, ya gyara masa cikin haƙuri. Malamai su jinkirta ƙa'ida har sai hannu ya yi aikinsa, masu unguwanni da limamai kuma su tuna wa jama'a wannan nauyi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya kuma kare mu daga cin haƙƙin juna cikin rashin sani.