Busar Red Holloway da Hukuncin Gazali

A 1963 aka naɗi wani faifai a Front Room, wani gidan shaye-shaye da ke Newark ta Amurka. Jack McDuff ne kan ogan, Red Holloway na busa saksofon mai kaurin murya, George Benson kuma, saurayi ɗan shekara 20, yana kaɗa jita. Ana jin ihun jama'a cikinsa. A wayar wani ƙanena na fara jinsa, a fadarmu ta Magariya, shayi na kan wuta. Wani dattijo da ke wucewa ya ce mana, “Samari, wannan busar Shaiɗan ce.”

Maganarsa tana da tushe. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi sassauci sosai kan sauraren sauti mai daɗi cikin littafinsa Ihya'u, amma ya hana wasu kayan busa da na tsirkiya. Dalilinsa shi ne a zamaninsa alamar mashaya giya ce, kuma suna tuna wa mai sauraro majalisar sha. Ga Holloway a cikin mashaya, hukuncin ya hau kansa daram.

To, mu fa da ke zaune kan tabarma, ba mu taɓa leƙa irin wannan wuri ba, me busar za ta tuna mana? Ni dai algaitar fadar Sarkin Damagaram take tuna mini, ranar hawan salla. Ita ma ai busa ce.

Shi kansa ogan ɗin Hammond, irin na McDuff, da ya fito a 1935, majami'un baƙaƙen fatar Amurka ne suka rungume shi kafin ya shiga gidajen rawa da salon ibadarsu. A nan Nijar kuwa, Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa a 1978, rediyo da talabijin na ƙasa suka yi shekaru suna sa shi tsakanin shirye-shirye. Har gidajen malamai ya shiga.

Na san akwai manyan malamai da suka haramta kayan kiɗa ɗungurungum, suna kafa hujja da hadisi, ba da al'adar wuri ba. Ba ni da karatun ja da su, kuma in ladan ya kira salla kashe wayar muke yi. Amma mai kafa hujja da Gazali, sai ya ɗauki hukuncin tare da dalilinsa. Malamanmu na Magariya da Dungas, ku warware mana wannan a majalisin karatu: in dalilin ya kau, hanin yana nan?