Tuba Tana Son Abokin Tafiya

Ƙanena ya shekara shida yana shan giya a ɓoye a Birnin Kebbi. Tun da jiharmu ta fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, mashayi ya ƙara lulluɓa da kunya, ya rasa wanda zai kai wa kukansa.

Na daɗe ina tambayar kaina: addini ya umarci mai saɓo ya rufa wa kansa asiri, shin ya halatta ya faɗi rauninsa gaban wasu? Na gane cewa alfahari da zunubi daban, neman magani daban. Alƙur'ani ma bai haramta giya rana ɗaya ba. Sannu a hankali aka yaye sahabbai, kuma tare aka yaye su.

Haka ma a 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu suka gano cewa hira da juna tana riƙe su. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali.

Yanzu kowace Juma'a ƙanena yakan tafi Argungu, su huɗu masu ƙoƙarin barin giya su zauna bakin kogin Matan Fada bayan La'asar, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Watansa tara bai kurɓa ba. Allah Ya tabbatar da dugadugansa.