Alƙalamin Mai Bin Yesu

Ya ɗan'uwa, kai da ka iya karatu da rubutu, kana kuwa neman hanyar Yesu Kristi, ka tsaya ka tambayi zuciyarka: alƙalamin nan da ke hannunka, wa yake yi wa bauta?

Kowane ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, yadda maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe shi. To, rubutu ma rijiya ne. Mai haƙa ba ya sanin dukan waɗanda za su sha, gama takarda tana zuwa inda ƙafarka ba ta taka ba, tana kuma magana bayan an binne ka. Ƙarya cikin rubutu ta fi macijin nan mugunta: shi an san yana ciki, ita kuwa sai an sha.

Jaraba za ta zo maka. Wani zai ce ka rubuta masa wasiƙa, ka ƙara a kan bashin da yake bin ɗan'uwansa. Mai dukiya zai so ka yabe shi da halin da ba nasa ba, ya ba ka riga. Idan ka ƙi, wataƙila ka rasa kuɗi da aboki. Ka ƙi duk da haka, gama hannunka ba naka ba ne, an saye shi da jinin Kristi.

Ko mai bi ba shi da ikon tsara labari ke nan? Yana da shi. Ubangiji kansa ya koyar da misalai, na mai shuka da na ɓataccen ɗa. Amma misali ya fito a misali, shaida kuwa a shaida. Kada ka sa wa tatsuniya rigar tarihi.

Ka yi haƙuri kuma cikin aikin. Luka ya bi diddigin kome tun daga farko kafin ya rubuta Bishararsa. Likita Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, amma sai a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito duka da Hausa, bayan shi da abokan aikinsa sun daɗe suna auna kalmomi.

Za mu ba da lissafin kowace maganar banza a ranar shari'a, balle wadda muka rubuta. Saboda haka kafin ka ɗauki alƙalami, ka roƙi Allah ya tsarkake zuciyarka, domin mai ƙishi ya sha daga hannunka ba da tsoro ba.