Ƙa'idar Aiki da Bakin Ma'aikaci: Nasiha ga Mutanen Kagoma da Kafanchan

Ya ku jama'ar Kagoma da Kafanchan, Musulminku da Kiristanku, ina roƙon ku ba ni aron kunne a kan al'amarin 'ya'yanmu masu cin albashi, da irin dokokin da ake ɗora musu a wuraren aiki.

Tun shekarar 1927, lokacin da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta mai da Kafanchan mahaɗa, inda layi ke rabuwa zuwa Kaduna da Jos, kakanninmu waɗanda a da rana da damina ke tsara musu yini suka koyi duba agogo, da sa yunifom, da sa hannu a littafin zuwa aiki. Ba su ɗauki wannan wulaƙanci ba, domin sun gane cewa mai juya layi, in ya ce yau ra'ayinsa zai bi, rayukan bayin Allah ne za su salwanta. Asalin ƙa'ida ke nan, watau tsare haƙƙin wanda ake yi wa hidima, kuma duk dokar da ta tsaya a kan wannan tushe farilla ce. Ma'aikaciyar jinya a asibiti, da malamin da ya fito daga kwalejin Gidan Waya, da akawu a sakatariyar ƙaramar hukumar Jama'a, ba wanda ke da ikon makara, ko tona asirin majinyaci, ko daka wa tsohuwa tsawa, sa'an nan ya ce ai halinsa ne. Mafi muni shi ne a tsaya sai an ji sunan mutum da addininsa kafin a duba takardarsa, alhali mun ga yadda wutar rikicin da ta tashi a Kafanchan cikin Maris na 1987 ta ci har Zariya da Funtuwa.

Amma akwai wata doka wadda son zuciyar shugaba ce kurum aka yi mata rawani, aka kira ta ƙwarewar aiki. Da ita ake kunyata yarinyar da ta yi wa dattijuwa bayanin magani da harshen Gwong ko na Bajju, ko da yake a nan ne ta fi cika aikinta, tun da magani ba ya amfani sai mai sha ya fahimci yadda za a sha shi. Da ita kuma aka hana Firdausa Amasa shiga sahun lauyoyi a Abuja cikin Disamba na 2017 saboda hijabinta, har sai da aka karɓe ta da shi a 2018, bayan haka Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata na Legas wannan haƙƙi a 2022. Adalci kuwa ba ya rabuwa biyu: wanda ya yi murna da hukuncin nan, wajibi ne ya kare 'yar'uwarsa mai rataye da gicciye. Marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya hau matakan aikin gwamnati har babban sakatare, ya zama gwamnan Jihar Kaduna a 2010, bai kuwa ajiye sunansa ko asalinsa a bakin ƙofa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun da ake koya wa ƙananan ma'aikata da sunan ladabi. Yaro ya ga ana karkatar da taki ko maganin feshi da aka aiko wa manoman citta, waɗanda annobar cutar citta ta 2023 ta riga ta durƙusar, in ya buɗe baki cikin girmamawa ya ce, ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne, sai a kira shi mara kunya, a miƙa masa takardar tuhuma, a cilla shi wani ƙauye mai nisa domin na baya su ɗauki darasi. Haka ake mai da mai gaskiya munafuki a hankali, ya riƙa rusunawa a ofis yana zagi a gida, amanar talakawa kuwa tana zubewa ba mai cewa uffan. Malamanmu na dā ba su taɓa lissafa shiru a kan ɓarna cikin ladabi ba; ladabi a wurinsu yana cikin zaɓen lafazi da lokaci da wuri.

Saboda haka, ku shugabannin ma'aikatu, ku rubuta dokokinku a fili, ku faɗi haƙƙin wa kowace ke karewa, wadda kuka rasa mata hujja ku soke ta, ku kuma keɓe lokacin da na ƙasa zai kawo ƙorafi ba da fargaba ba. Ku kuma iyaye da limamai da fastoci, in ɗanku ya dawo da irin wannan damuwa, kada ku ce masa ya yi shiru ya ci albashinsa; ku taimake shi ya rubuta maganarsa da hujja, ku raka shi wurin wanda zai saurara.