Wa ya buge shi? "An" ne

A darasin nahawu mun koyi cewa Hausa tana da wata ƴar kalma mai faɗin aiki ta ɓoye mai aikin: "an". An dafa tuwo, an share gida. Ban taɓa jin tsoron kalmar nan ba sai hutun bara da na koma gida.

A unguwarmu akwai wani ɗan daudu mai tuyar waina a bakin tasha. Tun ina ƙarami nake cin wainarsa, duk ƴan fadarmu ma haka, wasu har bashi yake bin su. Wani dare muna shan shayi sai ga wani da labari, wai an gan shi da wani namiji a ɗaki. Wa ya gani? "An gani dai." Kafin a zuba shayi na biyu, samari sun tashi da sanduna. Na bi su a baya, hannuna ba komai, bakina ma ba komai. Da gari ya waye, abin da ake faɗa shi ne "an buge shi", "an fasa mishi kai". Alhali kowa ya san hannun wa.

Na san abin da wasunku za su ce: ai abin da ake zarginsa da shi haramun ne. To, ba zan ja da malamai ba, ba fannina ba ne. Amma addinin nan da muke kafa hujja da shi ya hana bin diddigin asirin mutane, ya sa ƙazafi cikin manyan laifuka, ya kuma bar hukunci a hannun alƙali, da shaidu. Saurayi mai sanda ba alƙali ba ne, "an ce" kuma ba shaida ba ce. Tambayar da ke damuna ita ce: wai sai ka yarda da rayuwar mutum kafin ka hana a kashe shi a gabanka? Ni dai na ce a'a. Ɓarawon da aka kama da akuya a hannu ma, mai hankali cewa yake a kai shi gaban hukuma.

Kuma taro in ya tashi, ko alƙalin ba ya saurare. A Janairun 2014, bayan Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi a Najeriya, jama'a sun yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauci da duwatsu, suna neman a kashe mutanen da ake tuhuma tun ba a gama sauraren ƙarar ba. Sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama.

Mu a daren nan ba jandarma ya cece shi ba. Wata tsohuwa ce, Inna muke ce mata, ta fito da fitila tana haska fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi wa'azi ba. Cewa take: "Kai, ba kai ne ɗan wance ba? Kai kuma, ba ni na yi maka wankan jego ba? Aje sandar nan!" Duk wanda ta kira da sunansa sai hannunsa ya yi sanyi, don ya fita daga cikin "an", ya koma shi kaɗai, mai uwa, mai gida, wanda gobe za a tambaya. Ita ce ta tsayar da kabu-kabu, ta sa aka kai mutumin gidan likita, ta biya da kuɗin da ta kwance a bakin zanenta.

Da hasken fitilar ya faɗo kaina, kallona kawai ta yi, ta ce: "Har da kai, ɗan jami'a?" Na ce: "Inna, ni ban taɓa shi ba." Ta ce ta gani.

Bayan ya warke ya bar garin, ba wanda ya san inda ya nufa. Tandarsa tana nan a bakin tasha, a kife. In baƙo ya tambayi ina mai waina, ƴan fadarmu cewa suke an kore shi.