HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Karatun yau: Markus 2:1-12



A karatunmu na yau mun iske Yesu cikin wani gida a Kafarnahum. Jama'a sun cika gidan maƙil, har bakin ƙofa babu wurin sa ƙafa. Sai ga mutum huɗu ɗauke da wani shanyayye a kan shimfiɗarsa. Da suka rasa hanyar shiga, suka hau kan soro, suka buɗe rufin, suka zura shi har gaban Yesu. Markus bai gaya mana sunayensu ba. Bai gaya mana garinsu ko sana'arsu ba. Abin da ya rubuta shi ne Yesu ya ga bangaskiyarsu.

Ka yi tunani kaɗan. Shimfiɗa tana da kusurwa huɗu. Da ɗaya daga cikinsu ya yi fushi a hanya ya saki tasa, da marar lafiyan ya faɗi ƙasa. Da sun tsaya gardamar wanda zai shiga gaba, da taro ya watse ba su iso ba. Kakanninmu sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari in kai ka wani wuri inda aka ga irin wannan ɗauka a zamaninmu. Gadarif jiha ce a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ƙasa ce ta baƙar laka mai albarka, inda ake noman dawa da riɗi masu yawan gaske, har ana kiranta rumbun Sudan. Akwai Hausawa da yawa a can. Kakannin wasunsu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa a kan hanyarsu ta zuwa Makka, suka zauna a bakin kogin Rahad da kogin Atbara, suna noma da kamun kifi. Har yau 'ya'yansu suna jin Hausa.

Amma a wannan ƙasa mai albarka akwai wata muguwar cuta da ake kira kala-azar, wato baƙin zazzaɓi. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne, wanda bai kai sauro girma ba, yake kawo ta. Yana zama a dajin aduwa da dushe, inda laka take tsattsagewa da rani. Yakan ciji mutum da dare, yawanci da bazara lokacin da zafi yake sa mutane kwana a waje. Sai bayan watanni ciwon ya bayyana. Zazzaɓi ya ƙi sauka, saifa ta kumbura, jini ya ragu, mutum ya rame sai ƙashi. Idan ba a yi magani ba, kusan duk wanda ta kwantar mutuwa yake yi. Ta fi cin yara, musamman waɗanda ba sa samun isasshen abinci.

To, wa zai ɗauki wannan shimfiɗa? A shekarar 1996 ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ta buɗe wurin jinya a ƙauyen Um el Kher, a bakin kogin Rahad. Maganin da ake da shi a lokacin allura ce mai zafi, kowace rana har kwana 30. Ka duba halin uwa da ta kawo ɗanta daga nesa. Wata guda cur za ta yi a asibiti. Gona tana jira, sauran yara suna gida, guzuri yana ƙarewa. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma su kaɗai ba za su iya rage kwanakin nan ba.

A shekarar 2003 aka kafa ƙungiyar DNDi domin neman magungunan cututtukan da duniya ta manta da su. A wannan shekara kuma masana da ma'aikatun lafiya na Sudan, Habasha, Kenya da Uganda suka haɗu a Kartum suka kafa dandalin aiki tare da ake kira LEAP. Masana daga Jami'ar Kartum suka yi gwaji a asibitin Kassab a jihar Gadarif, takwarorinsu kuma suka yi a sauran ƙasashen. Aka gane cewa idan an haɗa tsohuwar allurar da wata mai suna paromomycin, kwana 17 sun isa. A shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan haɗi domin gabashin Afirka. Kwana 13 aka rage wa uwar nan. Gado kuma yakan samu da wuri domin yaron da yake biye.

Amma allura kaɗai ba ta tayar da yaron da ya rame. Dole ya ci. Shi ya sa a wuraren jinyar nan ake haɗa magani da abinci mai gina jiki. Ka tuna da 'yar Yayirus a Markus sura 5. Bayan da Yesu ya tashe ta daga matattu, abin da ya umarta shi ne a ba ta abinci. Wanda ya yi iko da mutuwa bai manta da cikin yarinya ba.

Kusurwa ta huɗu kuwa tana hannun mutanen ƙauye. Tsakanin 1999 da 2001 an raba gidajen sauro masu magani a ƙauyuka fiye da 150 na Gadarif. Amma gidan sauro ba ya rataye kansa. Sai uba ya ɗaura shi, uwa ta sa yaro ciki. Sai maƙwabci ya ce, "Zazzaɓin yaron nan ya wuce mako biyu, mu kai shi a gwada jininsa." Idan wannan hannu ya saki, duk aikin masana da likitoci ya tsaya a kan hanya.

Mutanen da suka yi wannan aiki ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai Bature, akwai baƙar fata. Ba su jira sai sun yarda da juna a kan kome ba kafin su sa hannu. Akwai mai ciwo a ƙasa, suka sunkuya suka ɗauka. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, dubban mutane suka gudo Gadarif. A watan Satumba na shekarar aka bayyana ɓarkewar cutar amai da gudawa a jihar. Nan ma sai da ma'aikatar lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da matasa masu aikin sa kai suka haɗa hannu, wasu kan rigakafi, wasu kan tsabtace ruwan sha.

Yanzu, ɗan'uwana, bari mu dawo gida. Yaya abin yake a ikilisiyarku? Sau da yawa zumuntar mata tana nata, matasa suna nasu, dattawa suna nasu, kowa yana so a ce shi ne ya yi. Wata ikilisiya ba za ta je taron tsabtace unguwa ba domin wata ɗarika ce ta kira. Ma'aikatan rigakafi su zo, mu rufe ƙofa domin wata jita-jita da muka ji a kasuwa. Mai unguwa ya kira gyaran rijiya, mu ce ba ruwanmu domin ba namu ne suka shirya ba. Muna cikin wannan ja-in-ja, marar lafiya yana kwance a bakin ƙofa.

Wani kuma zai ce, "Ai mu aikinmu na ruhaniya ne, jiki ƙasa ne." Gaskiya ne, abin da Yesu ya fara yi wa shanyayyen nan shi ne ya gafarta masa zunubansa, gama wannan ce babbar bukatar kowane ɗan Adam, har da ni da kai. Amma bai bar shi kwance ba. Ya umarce shi ya tashi, ya ɗauki shimfiɗarsa, ya tafi gida da ƙafafunsa. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. Yakubu kuma ya tsauta wa wanda yake sallamar mayunwaci da fatar baki. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Allah da yake jin addu'a, shi ne ya ba likita sani.

To, me za ka yi a wannan mako? Zumuntar mata za ta iya gayyatar ma'aikaciyar asibiti ta koya yadda ake haɗa kunun yara da gyaɗa, waken soya da zogale, a kuma kira matan maƙwabta ko da ba sa zuwa sujada tare da ku. Matasa za su iya share magudanar ruwa tare da sauran samarin unguwa, su kuma buɗe filin ƙwallo ga kowa. Dattawa masu fama da hawan jini ko ciwon sukari za su iya haɗuwa su taka da ƙafa da sassafe. Masana lafiya sun ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na akalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Abin da yake da wuya ga mutum ɗaya yakan zo da sauƙi idan abokinsa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Kada ka ce kusurwarka ƙarama ce. Kada kuma ka damu ko za a ambaci sunanka. Mutum huɗun nan ba a rubuta sunayensu ba, amma Ubangiji ya gan su, abokinsu kuma ya koma gida da ƙafarsa.

Abin tunani: Wane ne yake kwance a unguwarku yau, yana jiran hannu na huɗu?

Addu'a: Ya Uba na sama, mun gode maka domin rai da lafiya. Ka gafarta mana girman kai da son yabo da suke hana mu aiki tare da wasu. Ka tuna da mutanen Gadarif da dukan ƙasar Sudan, ka warkar da marasa lafiya, ka ƙosar da mayunwata, ka ba su salama. Ka ƙarfafa likitoci da dukan masu jinya. Ka nuna mini kusurwar da zan riƙe, ka kuma ba ni ƙarfi kada in saki. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.